Rediyon marigayi Babanmu na gurnani da warin ƙuna, ko ni na kashe shi?

Ga saƙon da wani ɗan'uwa ya turo min, na ɗan taƙaita shi:

"Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Babanmu Allah ya masa rasuwa, cikin kayan da ya bari akwai tsohon rediyo na katako mai bawul a ciki, irin mai fararen maɓallai a jere kamar haƙora da koren ido a gaba. Ya fi shekara 30 ba a kunna shi ba. Ni na ɗauko nace zan gyara, na kakkaɓe ƙura na jona wuta. Ya kama, amma da wani gurnani huuum wanda ko na rage boliyum baya raguwa, bayan kamar minti goma kuma sai murya ta fara shaƙewa, bawul ɗaya mai lamba EL84 yayi zafi har ina hango ja a cikinsa, ga warin abu na ƙonewa. Na sayo sabon EL84 na saka, duk ɗaya. Da haushi ya kamani na ɗauki sukundireba na jujjuya wasu sukurori dake cikin gwangwanayen alminiyam, yanzu tashar ma da ƙyar nake jinta. Yayana yace na lalata abun tunawa da Baba, ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, abokina kuma yace in kwashe kayan cikin in saka sifikar Bluetooth in huta. Sauran bawul ɗin sune ECC85, ECH81, EF89, EABC80, EZ80 da EM80. In sayo duka sababbi ne ko yaya zanyi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya masa rahama, ku kuma ya baku haƙuri.

Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsar, in rediyon na jone tashi ka zare fulogin tukuna. Ba wasa nake ba. Baka kashe shi ba, tunda har yanzu murya na fita ko da can ƙasa ƙasa ne to taransifomar sifika bata ƙone ba, kuma ita ce abun da nafi jin tsoro, amma duk kunnawar da kake yi kana barinsa minti goma caca kake da ita, wata rana zata yi shiru shikenan, ita kuma samun irinta ba ƙaramin aiki bane.

Maganar sayo bawul duka kuwa ka ajiye ta. An bar jaki ana dukan taiki kenan. Kowa in ya buɗe bayan tsohon rediyo idonsa kan kwalaben nan yake sauka saboda su ne ke haske su ne ke zafi, su ne kuma ake iya zarewa da hannu, sai a ɗora musu laifin komai, alhali a yawancin rediyoyin da suka daɗe a ajiye bawul ɗin lafiyarsu lau. Abu ne na gilashi da ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa aka toshe, zaman shekara 30 a kan kanta baya masa komai. Masu mutuwa a zaune su ne waɗancan ƙananan abubuwan dake ƙarƙashin shasi (ƙarfen nan da aka ɗora kayan rediyon a kai) da baka ko kalla ba, wato kafasita.

Jerin lambobin da ka turo ya gaya min abubuwa da yawa. Wannan shi ne jerin da kamfanonin Turai irinsu Philips da Grundig da Telefunken suka dinga sakawa daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon 1960, shi EL84 ɗin kansa a 1953 ya fito. Harafin E na farko yana nufin hitar bawul ɗin bolt 6.3 take ci, wanda ke nuna akwai taransifomar wuta a ciki. Da ace U na gani a farko, kamar UL84 ko UY85, da gargaɗina yafi haka zafi, don irin waɗancan yawanci basu da taransifoma kuma wayar wutar gida ɗaya kai tsaye take zuwa jikin shasin, taɓa ƙarfen kawai ya isa ya jefar da mutum. Duk da haka kar ka yarda da harafi kawai, ka saka mita a ma'aunin om tsakanin kowace ƙafar fulogi da shasi, makunni a kunne amma ba a jone da wuta ba, ya kamata mita ta nuna babu haɗi sam.

Kuma ko da taransifoma, cikin nan akwai bolt 250 zuwa 300 na DC, kuma babbar kafasita tana riƙe caji bayan an zare fulogi. Ni da kaina na sha ta. Na zare waya na ɗauka shikenan, na zura hannu zan gyara zaren da ke jan allurar tasha, bayan yatsana ya goga ƙafar gwangwanin, hannuna ya fizge da kansa ya bugi gilashin gaba mai sunayen tashoshi ya tsage shi gida biyu. Shokin ya wuce cikin minti ɗaya, gilashin kuwa har yau ban samu irinsa ba. Tun daga ranar kafin in taɓa komai sai na ɗauko rizista kamar 22k mai wat 5, na maƙala mata kilif mai bakin kada gefe ɗaya a shasi, ɗaya gefen in ɗora a ƙafar kafasitar in ƙirga ashirin, sannan in auna da mita in ga ta sauka kusan sifili. Kar ka yi shot ɗinta da sukundireba kamar yadda wasu ke yi don jin tas. In kuma aunawa zaka yi wuta na ciki, baƙar wayar mita ka maƙale ta a shasi tun kafin ka kunna, ja kaɗai ka riƙe, ɗaya hannun a aljihu, ƙafa da takalmi, ka cire zobe da agogo. In kasan baka taɓa aiki da wuta mai yawa haka ba to babu kunya ka nemi wanda ya saba ya zauna kusa da kai.

Toh yanzu ga mai laifin naka, kusan in rantse. Tsakanin EABC80 wanda ke fara ƙara ƙarfin murya da EL84 wanda ke tura ta sifika, akwai wata 'yar kafasita ta takarda, girmanta bai wuce guntun alli ba, galibi an lulluɓe ta da kaki ko wani baƙin abu kamar kwalta. Aikinta ta bar murya ta wuce amma ta tare DC. Gefenta ɗaya yana kan farantin EABC80, wato ƙarfen cikin bawul ɗin da muryar ke fita ta kansa, inda akwai wajen bolt 70 zuwa 100, ɗaya gefen yana zuwa ragar EL84, wato girid, inda ake so a ga sifili cur. Takardar cikinta shekara da shekaru tana shan laima daga iska, sai ta fara yoyo, ta koma rabi kafasita rabi rizista.

Bari in maka lissafin ka gani da idonka. Ace farantin na da bolt 100, yoyon kafasitar ya kai kamar megom 10, rizistar dake sauke ragar zuwa shasi kuma megom 1 ce, to kashi ɗaya cikin 11 na bolt 100 zai bayyana a kan ragar, wajen bolt 9 kenan fositif. Shi kuwa EL84 an tsara shi ne ragarsa ta zama ƙasa da katod da wajen bolt 7, wannan ne linzaminsa. Ka cire masa linzami sai ya dinga jan wuta yadda yaga dama. A ƙa'ida wajen miliamf 48 yake ja kuma farantinsa wat 12 ne iyakar abun da zai iya ɗauka, in ya haura nan da nisa shi ne kake hango jan nan kamar garwashi. Kuma yoyon yana ƙaruwa ne in kafasitar ta ɗumama, shi yasa minti goman farko kake jin murya garau sannan ta shaƙe. Duk wutar da yake zuƙa kuma ta cikin siririyar wayar taransifomar sifika take bi, daga EZ80 wanda shi ma miliamf 90 ne ƙarfinsa gaba ɗaya, daga babbar taransifoma wadda ina kyautata zaton ita ce ke maka warin nan in kakinta ya fara narkewa. Kaga kenan sabon bawul ɗin da ka saka ba magani ka kawo ba, sabon wanda za a gasa ka kawo.

Yadda zaka same ta: juya shasin ka kalli soket ɗin EL84 ta ƙasa, ƙafafu tara ne da giɓi, ka fara ƙirga daga giɓin kana bin yadda hannun agogo ke tafiya. Ƙafa ta 2 ita ce raga, ta 3 katod, 4 da 5 hita, ta 7 faranti, ta 9 raga ta biyu. Bi wayar ƙafa ta 2, wani lokacin zaka fara cin karo da ƙaramar rizista kamar 1k, bayanta sai kafasitar. Kar ka ɓata lokaci wajen gwada ta da mita a ma'aunin om, mitar 'yan bolt kaɗan take turawa daga batirinta, ita kuwa sai ta ji bolt ɗari da zafi take nuna halinta, zata ce maka lafiya take alhali ƙarya ne. Cire ta kawai. Karanta abun da aka rubuta a jikinta, yawanci tsakanin 0.0047 ne zuwa 0.022 maikrofarad, ka saka ta zamani irin ta leda mai bolt 630. Kar rubutun ya ruɗa ka, 0.022µF da 22nF da 22000pF da wadda aka buga wa 223 duk abu ɗaya ne. Irin wannan bata da gaba bata da baya, duk yadda ka juya ta daidai ne.

'Yan uwanta na takarda duk tafiyarsu ɗaya, suma zasu fita, amma da ɗaiɗaya. Akwai guda biyu da nake so ka kula dasu musamman. Wadda ke kan wayoyin taransifomar sifika ta ɓangaren farantin EL84 tana shan bugun wuta mai tsanani, ka saka mata mai bolt 1000 ko sama. Wadda kuma ke ɓangaren wutar gida kusa da fiyus, in akwai ta, ba kowace ake sakawa ba, akwai na musamman masu alamar X2 in tsakanin wayoyi biyu na wuta take, Y2 in daga waya zuwa shasi take. Amma ƙananan nan na tangaran da na maika da masu kama da gilashi mai azurfa a ciki dake kewaye da kwayil da maɓallai, kar ka taɓa su. Da wuya su lalace, kuma da su aka saita rediyon a masana'anta, masu kama da gilashin ma zafin ƙarfen soda kaɗai narkar dasu yake.

Gurnanin kuwa labarinsa gajere ne. Tunda kace baya bin boliyum to ba daga tasha yake shigowa ba, daga wutar da ake ciyar da bawul ɗin ne. Dogon gwangwanin nan dake tsaye a kan shasi, wanda zaka ga an rubuta kamar 50+50µF 350V, kafasita biyu ne a ciki masu ruwan sinadari, aikinsu su lallashe wutar da EZ80 ya juyar ta kwanta sumul, ruwan ya bushe shi yasa kake jin huuum ɗin nan mai bugu 100 a daƙiƙa in wutar gidanku mai 50 ce. Ka saka 47µF guda biyu masu bolt 400 ko 450. Kar kace bari in saka 220 don gurnanin ya mutu murus, EZ80 baya son ta farko ta wuce 50, zaka gajarta masa kwana. Waɗannan suna da fositif da negatif, in ka juya su fashewa suke. Kuma ka yanke wayoyin tsohon gwangwanin gaba ɗaya, kar ka ɗora sabuwa a kan tsohuwa, tsohuwar na iya yin shot ko yaushe ta tafi da taransifoma. Shi gwangwanin barshi a tsaye a wurinsa don kyan gani, sababbin su ɓuya a ƙasa. Akwai wasu ƙanana biyu irinsu, ɗaya a katod ɗin EL84, ɗaya a ɓangaren FM kusa da EABC80 mai kamar 2 zuwa 5µF, ita wannan ta biyun ka kalle ta da kyau kafin ka cire don a rediyoyi da yawa fositif ɗinta ne ke zuwa shasi, saɓanin yadda hannu ya saba.

Ka ɗauki hoto da wayarka kafin kowane yanka. Kowane fa. Zaka ce ai zan tuna, wallahi ba zaka tuna ba, za a kira ka a waya ka dawo ka tarar da waya uku a tsaye kana tambayar kanka wacce ce ta ina. Kuma ka nemo zanen wayoyin rediyon da lambar ƙirarsa dake bayan murfi, wasu ma ana manna zanen a cikin akwatin, a kai ake rubuta bolt nawa ya kamata a gani a kowace ƙafa.

In ka gama waɗannan, kunnawar farko ba kai tsaye a soket ba. Ka haɗa ƙwan fitila irin na da mai zare a ciki, wat 60 zuwa 100, a kan wayar wuta guda ɗaya yadda dole wutar ta ratsa ƙwan kafin ta isa rediyon. Sai mai zaren fa, na LED baya wannan aikin. In komai lafiya zaka ga ya ɗan yi haske da farko sannan ya dushe, bayan 'yan daƙiƙu in bawul sun ɗumama ya ɗan ƙaru kaɗan ya tsaya a ja ja. In kuwa ya haska fes ya tsaya a haka to akwai shot, kashe, ƙwan ya shanye dukan da taransifoma zata sha. Da wannan ƙwan ka fara tun ranar farko da duk bamu zo nan ba, amma ya wuce. Ka kuma duba 'yar faifan zaɓen bolt dake baya, mai 110, 127, 220, 240, ka tabbatar tana kan wanda ya dace da wutar gidanku, in akwai 240 kuma wutarku 230 ce to 240 ɗin yafi masa sauƙi. Fiyus ma ka duba ko wani ya taɓa naɗa masa waya. Kuma kar ka kuskura ka kunna shi sifika a cire, taransifomar na iya yin tartsatsi a cikinta.

Yana kunne sai ka auna wuri uku. Ƙafa ta 2 ta EL84, sifili muke so, ka tsaya kana kallo har minti goma sha biyar ɗin nan su wuce. Ƙafa ta 3, wajen bolt 6 zuwa 8 in an cire ƙwan an jona kai tsaye, da ƙwan zai ɗan yi ƙasa. Wannan lambar ita ke gaya maka abun da bawul ɗin ke ci, in rizistar katod om 150 ce ka ga bolt 7 to wajen miliamf 47 kenan lafiya, in ka ga 12 to 80 yake zuƙa, akwai sauran magana. Sai kan babbar kafasita ta farko, ka gwada da abun da zane ya ce. In ka canza kafasitar amma har yanzu ƙafa ta 2 na hawa sannu sannu in yayi zafi, to bawul ɗin ne ya gasu har ya fara yoyo da kansa, nan ne kaɗai zan ce ka canza bawul, kuma kana da biyu a hannu sai ka gwada wanda yafi nutsuwa. Yadda ake gane wanda ya mutu da ido kuwa, ka duba tabon nan mai sheƙi kamar madubi a saman gilashin, in azurfa ne ko baƙi baƙi lafiya, in ya koma fari kamar alli to iska ta shiga, ya gama. Kuma in kana goge su kar ka sa ruwa ta wajen lambar, gogewa take nan take, haka ma bayan gilashin tashoshi, rubutun a ruwa yake tafiya.

Sai maganar sukurorin da ka jujjuya. Nan kam ba zan ɓoye maka ba, ɓarna ce, kuma ita kaɗai ce ɓarnar da zan ce taka ce. Waɗannan ba sukurorin ɗauri bane da suka kwance. Irin wannan rediyon duk tashar da ya kamo sai an fara juya ta zuwa mitar zango ɗaya tsayayya, a ɓangaren AM ECH81 ke juya ta zuwa wajen 452 zuwa 472 kHz gwargwadon kamfani, a FM kuma ECC85 ke juya ta zuwa 10.7 MHz, gwangwanayen nan kuwa ƙofofi ne da aka saita su daidai wannan mitar kaɗai zata wuce. Ka juya su sai ƙofa ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli yamma, shi yasa tashar ta koma can nesa. Abun daɗin shi ne ana maido su. Abun da ba a maidowa shi ne in ka fasa su, don ba ƙarfe bane, wani baƙin abu ne mai gautsi kamar gawayi da ake kira ferayit, sukundireban ƙarfe na tsaga shi ya cije a ciki. Haska tocila ka leƙa ramin, in kan bai tsage ba ka gode Allah ka bar su haka.

Saitin shi ne aikin ƙarshe, bayan wuta ta daidaita, ba na farko ba. Yadda ya kamata ayi shi da janaretan sigina ne da sukundireban roba, ana bin takardar kamfanin daki daki. In babu, ɓangaren AM ana iya lallaɓa shi: ka kamo tasha mai rauni, ka dinga juya waɗanda ka taɓa kaɗai, kwata kwatan juyi, kana kallon koren idon nan EM80, inda hasken yafi buɗewa nan ne daidai, ka fara da gwangwanin dake kusa da EABC80 ka dawo baya. Amma kowane gwangwani yawanci akwai na AM akwai na FM a ciki, sai ka san wanne ne wanne daga zane. Na FM kuwa, musamman na ƙarshen, ban baka shawarar kayi da kunne ba, ka kai wa mai kayan awo. Akwatin ƙarfen da ECC85 ke zaune a kai ma ko buɗe shi kar kayi, lanƙwasa waya ɗaya a ciki na iya kawar da tashoshi.

In bayan duk wannan wani ɓangare yayi shiru, kar ka koma canje canje da ka. Raba rediyon biyu. A cikin maɓallan akwai na garmaho, wasu an rubuta TA wasu PU, danna shi ka ɗaga boliyum ka taɓa ramin shigarsa na baya da bakin sukundireba mai hannun roba, in kaji buuu mai ƙarfi to daga boliyum zuwa sifika lafiya, matsalar na gaba ta wajen eriya. Su kansu maɓallan nan ba ƙaramin ciwon kai bane, ɗaruruwan 'yan ƙarafa ne a ciki da suka yi shekara 30 suna tara datti, sau da yawa rediyon da ake cewa ya mutu maɓalli ne kawai baya haɗawa. Ruwan wanke kontak na lantarki zaka ɗan ɗiga, ba man inji ba, ka danna kowanne sau talatin wuta a cire, ka bari ya bushe sarai kafin ka kunna don akwai bolt mai yawa a tsakanin ƙarafan. Ƙafafun bawul ma zare ka mayar sau biyu uku. Rizistocin da kuma hawa suke yi da tsufa, wadda aka rubuta 47k sai ka tarar ta zama 80k, duk wadda ta kauce fiye da kashi 20 cikin ɗari ka canza, ka fi sa ido kan masu kai wuta raga ta biyu ta EF89 da ECH81. Akwai wata dabara da nake so in kana shakkar ko ECH81 na kaɗawa: ɗauko ƙaramin rediyo mai batir ka ajiye kusa, sa shi wajen 1400 a matsakaicin zango, ka juya tsohon a hankali wajen 900 da wani abu, in ƙaramin yayi fito ko yayi ɗif to yana aiki.

Wani abun kuma da zai iya sa ka zargi rediyon a banza: gidajen yanzu cike suke da hayaniyar da babu ita lokacin da aka ƙera shi. Cajar waya, ƙwan LED, inbata, duk suna watsa ƙara a matsakaici da gajeren zango. In kaji zzzz ko ina, kashe su ɗaya bayan ɗaya kafin ka zargi aikinka, ka kuma miƙa masa waya mai 'yar tsawo a ramin eriya, da daddare yafi kamawa. Tashoshi da dama da aka rubuta sunansu a gilashin ma sun daina watsawa a wuraren, kuma FM ɗin irin waɗannan da yawa a 100 yake tsayawa baya kai 108, ba lalacewa bane haka aka yi shi.

Shawarar abokinka kuwa ban karɓe ta ba. In ka kwashe cikin akwati kawai ya rage, kuma daga nan maganar Yayanka ta zama gaskiya. In waƙa ko karatu daga waya kake so ka ji ta cikinsa, ramin garmahon nan shi ne hanyar, tunda naka mai taransifoma ne in awon farko ya tabbatar, sai muryar ta bi ta EABC80 da EL84 ta fito ta sifikar da Baba ya saurara, ba a cire ko sukuru ɗaya ba.

Shi kuma Yaya, ina ganin ba rediyon kaɗai ke cinsa ba. Kaya ne na uba, ka ɗauka kai kaɗai ka buɗe ka jujjuya baka ce masa komai ba, ko da ka gyara shi tas ranar farko da wuya ya rasa jin wani abu a ransa. Kar ka tsaya kare kanka da cewa ai dama a lalace yake, duk da gaskiya ne kafasitocin sun mutu tun kafin ka taɓa. Ka je ka same shi kace Yaya nayi kuskure biyu, na kunna ba tare da na bincika ba, na kuma taɓa saitin da bai kamata ba, na tambaya ance duka suna gyaruwa, ba zan ƙara taɓa shi ba sai da saninka. In yace a kai wa wani mai gyara ka yarda, sai dai ka roƙi a gaya wa mai gyaran kar ya jona shi kai tsaye kuma a dawo muku da duk abun da aka cire. In kuma ya bar maka, to tsofaffin kafasitocin da tsohon EL84 na Baba ka zuba su a 'yar leda ka ajiye cikin akwatin, kuma ranar da zaka yi kunnawar farko da ƙwan fitila ka kira shi ya zo, ka bashi aikin kallon ƙwan hannunsa na kan makunni kai kana kan mita, dama aikin na mutum biyu ne.

In kun yi, turo min lambobin nan uku da ka auna, da lambar ƙirar dake bayan murfin, da hoton ramukan sukurorin da ka juya, sai mu ga ta inda za a fara saitin.